Sunan da Bakin Zuhra Bai Taɓa Faɗa Ba

Akwai wata baiwar Allah a cikin garin Gaya, mu kira ta Zuhra. Na ce mu kira ta, domin duk sunayen da ke cikin labarin nan na canja su. In kun kai ƙarshe za ku gane abin da ya sa na yi haka.

Zuhra 'yar kasuwa ce, amma ba ta da shago. Daga ɗakinta take sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, wayarta ce shagonta. Mabiyanta a Facebook da TikTok sun haura dubu ashirin, kuma ta iya baki. In ta ɗaga atamfa a bidiyo ta ce "wannan ta matar gwamna ce," ko ba ki da biki sai kin ji kina so.

To ga abin dariyar. Duk faɗin Gaya ba za ka sami mai tsoron 'yan damfara kamar Zuhra ba.

Ita ce kullum mai turo gargaɗi a guruf ɗin matan unguwa. Kar ku ba kowa lambar BVN. Kar ku danna shuɗin rubutun nan. Kar ku amsa baƙuwar lamba. Ranar da masu rabon gidan sauro suka zo suka nemi lambar wayarta da yawan mutanen gidan, tsare su ta yi a zaure da tambayoyi har ɗayar ta ce, "Hajiya, gidan sauro fa muka kawo, ba sammaci ba."

Amma da yammacin ranar nan, wallahi da yammacin ranar, ta ɗora hoton ƙofar gidansu da sabon koren fenti, ta rubuta sunan layin da masallacin da ke kusa, wai don kwastomomi su daina ɓata.

Mijinta Ɗayyabu malamin gona ne a ƙaramar hukuma, mutum mai sanyin hali. 'Yarsu ɗaya tal, Afra'u, shekararta shida. Yarinya ce mai surutu, ga giɓi a gaba inda haƙora biyu suka faɗi, ga son tuwon madara kamar me.

Yanzu ku riƙe wannan da kyau, don a nan labarin yake.

Zuhra 'yar Toranke ce, can ƙasar Ajingi, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma. A gidansu uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, kunya ce. Mahaifiyarta, wadda suke kira Dada, ba ta taɓa faɗar sunan babban ɗanta ba har ya yi furfura. Zuhra ta watsar da al'adu da yawa da ta shigo gari, amma wannan ɗaya ta manne mata a harshe. Tun ranar suna ba ta taɓa buɗe baki ta ce "Afra'u" ba. "'Yar Dada" take ce mata, ko "ke yarinyar nan" in ta ɓata mata rai. Ita kuma yarinyar "Adda" take kiranta, kamar yayarta.

Sai dai kunyar a baki ta tsaya, ba ta kai yatsa ba.

A bidiyo za ka ji ta tana cewa, "Ga 'Yar Dada za ta tafi makaranta." A ƙasan bidiyon kuwa ta rubuta AFRA'U da manyan baƙaƙe, da zuciyoyi ja guda biyar. Ranar haihuwarta tana nan. Ajinsu yana nan. Launin jakarta, allon makarantarsu, lokacin tashi, duk suna nan.

Dada ta taɓa ce mata, "Ni ban gane wannan kunya taki ba. Bakinki ya ƙi faɗa mana mu biyar da ke tsakar gida, yatsanki ya faɗa wa duniya."

Zuhra ta yi dariya ta ce, "Dada, ai rubutu daban, magana daban."

Ranar da ta kai Afra'u makaranta a karon farko, wadda ta karɓe su ita ce Malama Amarya. Kar sunan ya ruɗe ku, tsohuwa ce mai shekara sittin da ɗoriya. Tun da aka kawo ta Gaya tana amarya sunan ya bi ta, har jikokinta da shi suke kiranta. Ita ma asalinta 'yar Toranke ce, kuma ita ta koya wa Zuhra karatu a firamare kafin ta yi ritaya wannan makarantar kuɗin ta ɗauke ta ta riƙe sashen yara.

Malama ta buɗe rajista ta ce, "Sunan yarinya?"

Zuhra ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai ta latsa waya, ta rubuta sunan, ta juyo da fuskar wayar.

Malama ta gyara tabarau ta karanta, ta ɗago ta dube ta. "'Yar fari ce ke nan."

"E, Malama."

"Ashe da sauran Toranke a jikinki. Madalla."

Daga nan suka rabu lafiya. Rigimar ta zo ne bayan shekara guda, ranar rabon sakamako, da Afra'u ta zo ta ɗaya a ajinsu.

Zuhra ta shigo aji da waya a sama, tana watsa bidiyo kai tsaye, tana guɗa. Yara talatin suka juyo suna ɗaga mata hannu. Malama Amarya ta taso a hankali, ta sa tafin hannunta ta rufe kyamarar.

"Zuhra, kashe."

"Haba Malama, mutane ɗari uku ne fa suke kallo!"

"Su wa da wa? Kin san su? 'Ya'yan mutane ne a ajin nan. Kin tambayi iyayensu?"

Ran Zuhra ya ɓaci ƙwarai, don an ji maganar a bidiyon kafin ta kashe. Tana komawa gida ta zauna ta rubuta dogon rubutu. Ba ta kama suna ba, amma ta ce wasu tsofaffin malamai ya kamata su koma gida su yi jan carbi, mutum yana riƙe da waya mai tocila zai koya wa mutane zaman duniya. Mabiya suka yi caa. Wannan ya ce baƙin ciki ne, waccan ta ce ƙauyanci ne. Ni kaina na ga rubutun a lokacin, kuma Allah ya gafarta min, na yi dariya.

Wata malama ta karanta wa Malama Amarya duka, har da maganganun mutane. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ai gaskiya ta faɗa, wayata tocila ce da ita." Washegari ta tari Afra'u a bakin get kamar kullum, ta gyara mata hijabin da ya karkace.

Ɗayyabu ne ya kasa haƙuri. Ya ce, "Zuhra, ke da kike hana mutane ba da lambar waya, jiya na ga allon makarantar yarinyar nan a bidiyonki, har da lambar ajinsu."

"Malam, ni fa na san abin da nake yi. Sirri shi ne BVN da lambar katin banki. Hoton yarinya da yunifom wane sirri ne? Duk wanda ya bi layin nan da safe ai yana ganinta."

"Wanda ya bi layin nan mun san shi."

Kuma don in yi mata adalci, maganar ta shige ta. Ta ji wani shiri a rediyo a makon ma, a kan yadda ake bibiyar mutane ta waya, tsoro ya kama ta har ta goge TikTok daga wayarta. Kwana biyu ta yi. A rana ta uku aka kawo mata sabbin leshi, Afra'u kuma ta haddace sabuwar sura da muryar nan tata mai daɗi, Zuhra ta ce wannan kam zunubi ne a bar shi a ɗaki. Ta mayar da shi.

Kar ku yi mata dariya. Da yawanmu nan mun yi irin wannan tuban na kwana biyu.

Sai ranar wata Alhamis a tsakiyar damina. Ana suna a gidansu a Toranke, matar ƙaninta ta haihu. Ƙarfe bakwai da rabi na safe Zuhra ta ci kwalliya, ta tsaya a ƙofar gida ta ɗauki hoto, ta rubuta a ƙasa:

"Yau sai Toranke, mu ne manyan gwaggo! Kwastomomina ku yi haƙuri, gidanmu ba sabis sai an hau tudun bayan gida, duk wanda ya kira bai samu ba sai yamma. Malam ma yana Kademi wajen manoma, tsutsa ta faɗa wa gero. Afra'u tana makaranta, gwaggonta Ummu Salma za ta ɗauko ta ƙarfe ɗaya. Ku yi mana addu'ar hanya."

Jama'a, ku koma ku sake karanta wannan rubutu. Uwa ba ta gari kuma ba a samunta a waya. Uba yana cikin gona a wani gari. Yarinya tana wuri kaza har ƙarfe kaza. Don Allah me ya rage ba ta faɗa ba?

Mutum ɗari huɗu suka danna alamar so. Aka yi ta "Allah ya tsare hanya."

Ƙarfe goma sha ɗaya, wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya nesa kaɗan da makarantar, wajen masu awara. Wata mata ta fito, doguwa, cikin hijabi mai tsada, idanunta jajur kamar ta sha kuka. Ta nufi Gwadabe maigadi da sauri.

"Baba, don Allah ina ajin su Afra'u Ɗayyabu? Aji ɗaya, mai jaka ruwan hoda. Uwarta ta yi haɗari a hanyar Ajingi!"

Gwadabe ya dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Zuhra? Da safen nan fa ta wuce ta gaishe ni!"

"Ita. Ni 'yar uwarta ce, Hamdiyya, daga Toranke. An kira Ummu Salma ta wuce asibiti, babanta kuma yana Kademi ba a same shi ba. Ni aka turo in kai ta."

Gwadabe har ya juya zai kira yarinyar, sai ya tuna dokar makaranta. Ba yaron da yake fita kafin tashi sai da sanin Malama Amarya. Ya kai matar ofis yana salati.

Matar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Malama, ta maimaita labarin, wannan karon da hawaye. Ta fito da tuwon madara a leda ta ce ta saya wa yarinyar ne don kar ta yi kuka a hanya, ta san shi take so. Hankalin Malama ya tashi, don Zuhra ko me ta yi ɗalibarta ce. Amma ta ce, "Bari in kira uwar."

Ta kira. Ba ta shiga.

"Ai wayarta ta fashe a haɗarin, Malama. Amma ta san za ki nemi shaida, shi ya sa ta yi miki saƙon murya a tawa. Ga shi."

Ta danna. Muryar Zuhra ta cika ofis. Wallahi muryarta ce, da ɗan jan harshen nan nata, da yadda take cewa "Malama" a hanci.

"Salamu alaikum Malama, ni ce Zuhra. Mun yi haɗari, ina asibiti. Don Allah ki ba Hamdiyya Afra'u ta kawo min ita. Ina so in ga Afra'u. Kar ki ɓata lokaci Malama, Afra'u kawai nake so in gani."

Gwadabe ya fashe da kuka a bakin ƙofa. "Malama, a ba ta yarinyar nan, kar uwar ta cika ba ta gan ta ba!"

Malama Amarya ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake sa min."

Aka sake. Ta rufe ido tana saurara, tana lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin tebur. Sau uku. Sau uku muryar ta faɗi sunan, tar, ba gargada, ba ko ɗan jinkiri. Sai ga ranar rajista ta dawo mata, Zuhra da sunkuyayyen kai tana juyo mata da fuskar waya.

Daga baya ta ce a lokacin ji ta yi kamar an kwara mata ruwan randa. Amma ko a fuska ba ta nuna ba.

Ta ce, "Allah sarki Zuhra. Zauna 'yata, ki sha ruwa. Suna gwaji ne, bari in je in fito da ita da kaina."

Tana fita ta ja Gwadabe gefe ta ce, "Share hawayenka. Je ka sa wa get kwaɗo, ka jefa mukullin a aljihu. Ko ni na ce ka buɗe, kar ka buɗe."

"Malama, lafiya?"

"Gwadabe, tafi!"

Ta shiga aji ta kamo hannun Afra'u, ta bi da ita ta baya zuwa ɗakin malamai, ta ce wa malamar da ke ciki ta kulle ƙofa ta ba ta littafin zane. Sannan ta ciro wayar nan mai tocila, wadda aka yi wa dariya a gaban mutum dubu ashirin, ta kira Ɗayyabu.

Yana tsakiyar gonar gero a Kademi, ya tsuguna yana nuna wa manoma tsutsa a cikin ganye. Ya ɗauka.

"Ɗayyabu, Malama Amarya ce. 'Yarka tana hannuna, lafiyarta ƙalau, fara jin wannan. Akwai wata Hamdiyya a dangin matarka?"

"Hamdiyya? Babu."

"To kira 'yan sanda, ka taho yanzu. Kuma ka nemi wanda zai duba maka Zuhra a Toranke."

Manoman sun ce ko takalminsa ɗaya bai tsaya ɗauka ba. Yana gudu zuwa babur yana kiran Bubayero, yayan Zuhra, wanda Allah ya sa ya fita bakin titi sayo ƙanƙara, inda akwai sabis. Bubayero ya watsar da ƙanƙarar ya juya gida.

Ya tarar da Zuhra a tsakar gida, lafiyarta garau, ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyon tukunyar waina don ta ɗora in ta sami sabis.

"Zuhra! Ajiye wannan abin ki hau babur! Wata mata tana makaranta za ta tafi da 'yarki, wai ke kika aiko ta!"

Wayar ta faɗi cikin ƙullun waina. Ta sa hannu ta tsamo ta, ba ta ma san ta yi ba. Ba mayafi, ba takalmi, haka ta haye bayan Bubayero, Dada tana bin su da mayafin tana salati.

Can makaranta kuwa, Malama ta koma ofis ta zauna kamar ba komai.

"Yanzu za ta fito, tana haɗa jakarta. Ya Dada? Ta ji labari?"

"Ta ji, Malama. Tana can tana kuka, ga ciwon ƙafar nan nata."

Kun ji? Har ciwon ƙafar Dada ta sani, don Zuhra ta taɓa neman a yi mata addu'a a shafinta.

"Allah ya ba ta lafiya. Ni kam tsufa ya sa ina mantuwa. Me ma Zuhra take kiran yarinyar nan a gida?"

Matar ta yi murmushi, ta ga tambaya mai sauƙi. "'Yar Dada."

"Haka ne. To me ya sa yau ta ce Afra'u?"

"Ai... ai sunanta ne, Malama."

Malama ta cire tabarau ta ajiye a kan rajista. "Kin ce ke 'yar Toranke ce, 'yar gidansu. Wace 'yar gidan ce ba ta san Zuhra ba ta faɗar sunan 'yar fari ba? Shekara shida ko a mafarki ba ta faɗa ba. Kun kwashe duk abin da ta rubuta, kun kwaikwayi muryarta, amma ba ku taɓa zama da ita a tabarma ɗaya ba."

Matar ta miƙe zumbur. Hawayen nan duk suka ɗauke. Ta fita da sauri ta nufi get, ta tarar da kwaɗo, ga Gwadabe tsaye da gorarsa, idonsa har yanzu da danshi amma fuskar ta canja.

"Buɗe min!"

"Mukulli ya ɓata, Hajiya."

Ta ɗaga murya tana kiran wani suna. Motar nan mai baƙin gilashi ta yi ƙara, ta fisga, ta bar ta a nan. Masu awara da suka ga haka suka taso da matsami a hannu, mai rake ya taso, masu shaguna suka taso. Kafin ka ce me, bakin get ya cika, ana ta "A buɗe mana ita! Ɓarauniyar yara!"

Malama Amarya ta zo ta tsaya tsakanin matar da get, tsohuwa da ita, ta ɗaga hannu.

"Ba mai taɓa ta! Yara suna kallonku ta taga. Hukuma tana hanya, ita za ta yi aikinta."

Haka ta tsare ta har motar 'yan sanda ta iso, Ɗayyabu yana biye da ita, ƙafa ɗaya ba takalmi, wandonsa duk taɓo.

Ba a fi minti ashirin ba sai ga babur ɗin Bubayero. Tun kafin ya tsaya Zuhra ta diro. Ta ga taron mutane, ta ga motar 'yan sanda, ta ga Gwadabe yana share ido. Ba ta ga 'yarta ba. Ba wanda ya sami damar ce mata komai.

Ta kutsa cikin filin makaranta, ta buɗe baki da iyakar ƙarfinta.

"AFRA'U! Afra'u! Wayyo Allah, Afra'u!"

Bubayero, da ya san gidansu, ya riƙe baki.

Ƙofar ɗakin malamai ta buɗe. Yarinya ta leƙo da fensir mai launi a hannu, ta dubi uwarta da mamaki, giɓin nan a waje.

"Adda, ashe kin san sunana?"

Jama'a, wallahi masu awara kuka suke suna dariya. Zuhra ta zube a ƙasa ta rungume ta, tana shinshina kanta, tana taɓa hannuwanta ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ko an rage wani abu.

Da ta ɗan natsu, babban ɗan sandan ya kira ta ita da mijinta gefe. Wayar matar tana hannunsa.

"Hajiya, zo ki ga wani abu."

Ya fara turawa da yatsa. Ga koren get ɗin gidansu. Ga allon makaranta. Ga Afra'u da jaka ruwan hoda. Ga bidiyon tuwon madara. Ga rubutun ciwon ƙafar Dada. Ga bidiyoyinta na tallan atamfa sun fi talatin, waɗanda daga cikinsu aka samo muryarta. Ko na'ura ce ta haɗa saƙon, ko wata gwanar kwaikwayo ce, wannan ya ce sai bincike ya nuna. Na ƙarshe shi ne rubutun safiyar ranar, an zagaye "ba sabis" da jan layi.

Zuhra ta ce, "Sun yi min kutse a waya ne?"

"Ba wanda ya yi miki kutse, Hajiya. Ba su nemi BVN ɗinki ba, ba su turo miki shuɗin rubutu ba. Duk abin da ke nan ke kika ɗora. Wata huɗu suna cikin mabiyanki. Ga shi ma matar nan ta taɓa yi miki magana, ta ce Allah ya raya Afra'u, kin amsa mata da amin."

Ɗayyabu bai ce "na faɗa miki" ba. Da ya faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Ta juya ta nemi Malama Amarya. Tsohuwa tana zaune a kan benci a inuwa. Zuhra ta je ta durƙusa a gabanta, a gaban duk mutanen nan, ta kama ƙafarta.

"Malama, ni ce na rubuta a kanki. Ni na sa aka zage ki. Ki yafe min don girman Allah."

"Na sani, an karanta min tun ranar. Tashi, ƙasa da laima."

"Malama, da kin ba ta..."

"Ban ba ta ba. Kuma ba wayona ba ne, Allah ne ya tsare. Kin kwashe gidanki kaf kin zuba a waya, abu ɗaya ne ya rage wanda sai na gida ya sani. Da shi ma kin taɓa yin bidiyo kin bayyana wa mutane, yau da ba ni da abin da zan kama."

Zuhra ta rufe fuska da tafukanta. Domin ta san, kuma daga baya ta faɗa da bakinta, cewa ta taɓa shirya yin bidiyon. Har take ta sa masa, wai "Abin da ya sa ba na faɗar sunan 'yata." Kunyar Dada ce kawai ta hana ta ɗorawa.

Da la'asar suka koma gida a adaidaita sahu, Afra'u a kan cinyarta. Zuhra ta goge busasshen ƙullun waina daga fuskar wayar da gefen zaninta, wayar ta kawo haske. Saƙonni sun fi ɗari, labari ya riga ya zaga gari. Kuma kun san me? Yatsanta da kansa ya tafi. Ta buɗe shafinta, har ta rubuta, "Alhamdulillah, yau Allah ya kuɓutar da Afra'u daga..."

Ɗayyabu yana kallonta.

Yarinyar ta ja mata mayafi. "Adda, sake faɗa."

"Me?"

"Sunana. Irin na ɗazu."

Zuhra ta dubi rubutun, ta dubi 'yarta. Ta goge shi harafi bayan harafi, ta kashe wayar ta jefa a jaka. Sannan ta sunkuya, ta kai bakinta daidai kunnen yarinyar, ta faɗa mata a hankali, yadda ko mai adaidaita bai ji ba.

Darasi: Ɓoye lambar banki kaɗai ba shi ne tsare sirri ba. Da yawanmu muna tsoron a sace bayananmu, alhali mu muke raba su kyauta kowace safiya: makarantar yaranmu, lokacin tashinsu, ranar da ba ma gida, inda ba a samunmu a waya. Ba duk mai ce maka "Allah ya tsare hanya" ne masoyi ba. Kafin ka ɗora, tambayi kanka ko za ka iya tsayar da baƙo a titi ka faɗa masa wannan magana. Ka bar wa gidanka abin da sai na gida ya sani, kuma kar ka raina dattijon da ya ce ka kashe kyamara. Ku tura wa iyaye da malamai da duk wani guruf da kuke ciki, wannan kam ya halatta a yaɗa shi.